Yanar da Haske Ya Taɓa

Ƙarfe uku na dare a tsaunin Triyeste.
Iskar bora na dukan rufi kamar mai bin bashi,
mu kuwa muna ciki, ni da Ottavio,
da kofin gahawar da ta huce tun sha biyu,
muna gadin abin da ido bai isa ya gani ba.

Yana ce, ba ta kai yanar madara ba.
A tsaga ɓawon albasa gida dubu,
kowane ɓari ya fi ta kauri.
Wata biyar na yi ina renon ta a tanderu,
ƙwayar zarra bisa ƙwayar zarra,
a kan wani ɗan dutse mai faɗin farce
da ya matse ta, ya hana ta miƙe ƙafa.

A cikinta kowace ƙwaya da kibiyarta.
Ba baka, ba maharbi, sai nuni kawai:
waɗannan sun dubi sama, waɗancan ƙasa,
kowa ya tare wajen masu irin kallonsa,
unguwa-unguwa, da danga a tsakani
wadda ba da itace aka kafa ta ba,
da saɓani.

Ottavio ya ce, "Nives, kunna."
Na kunna.

Shuɗin haske ya sauka, ba sallama, ba ƙara,
tun ido bai yi niyyar ƙiftawa ba.
Lantarkin da ke barci ya zabura,
ya kwarara bakin iyaka ya yi cincirindo.
Yanar ta yi miƙa irin ta wanda aka tasa da asuba,
ta ƙara tsawo da abin da awon kasuwa bai san sunansa ba.
Ɗigon da ke allonmu ya gusa hagu.
Danga ta tashi daga inda take,
wata unguwa ta haɗiye maƙwabciyarta
ba a ji kukan kowa ba.

"Zafi ne kawai," in ji Ottavio,
shi da ba ya yarda da rana sai ya ga inuwa.
Muka auna zafin. Bai taka kara ya karya ba.
Ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga.

Ni kuwa sai kakata Zorka ta faɗo mini.
Gida ɗaya, rijiya ɗaya, itacen ɓaure ɗaya,
ba ta taɓa ɗaure kayan ƙaura ba,
amma ta kwana a ƙasashe uku.
Iyaka ce ke zuwa ta tsallake ta da dare,
ta farka an sauya mata kan sarkin wasiƙa
da harshen da za ta sayi gishiri.
Takan ce, "Ni ban gusa ba, 'yar nan,
fuskarmu aka juya."

Muka kashe hasken,
muka jira yanar ta koma yadda muka san ta.
Ɗigon ya kamo hanya yana jan ƙafa,
minti ɗaya, minti bakwai, rabin awa,
sai ya tsaya, saura ƙiris.
Ƙiris ɗin nan bai cika ba har gari ya waye.

Ottavio zai rubuta: ragowar sauyi,
kashi biyu cikin ɗari, sai an sake gwaji.
Gaskiyarsa, ni ma zan sa hannu.

Da na fito, bora ta gaji ta kwanta.
Tekun can ƙasa ya yi launin tsohon kwano,
motar farko ta hauro daga gari ba kowa ciki.
Rana ta taɓa bayan hannuna,
na tsaya ina kallon sa kamar na wani,
har direban ya matsa oda sau biyu
kafin na tuna hannun nawa ne, na ɗaga masa.